Aikin ƙungiya ko karatun ƙwarewa? Amsa ga likitan da ke hangen farfesa da shugabancin jami'a

Wani matashin likita ya aiko mana da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum. Shekarata 31, ina aiki a wani babban asibitin jiha. Na gama MBBS, na yi shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, na kuma ci jarrabawar share fage ta karatun ƙwarewa. Yanzu an ba ni gurbi a sashen lafiyar al'umma na wani asibitin koyarwa, sai kuma ga wata ƙungiyar agaji ta yi mini tayin aiki da albashin da ya ninka na asibitin. Burina in yi bincike, in zama farfesa, wata rana ma in shugabanci jami'a. Ina da mata da ɗa ɗaya, ga karatun ƙannena biyu a wuyana. Mahaifina kuma ya ce bai yi wahalar karatuna don in koma yawon ƙauye da takardar tambayoyi ba, shi a wurinsa likita shi ne mai duba marar lafiya. Wanne zan ɗauka? Dole ne sai na yi PhD? Ta ina ake bi a kai ga shugabancin?"

Wa'alaikumus salam, Likita. Allah ya raya yaro, ya ƙara wa Baba lafiya.

Ba za mu yi maka kwana-kwana ba: ka karɓi gurbin karatun ƙwarewa. Dalilin yana cikin wasiƙarka. Da cewa ka yi aikin lafiyar al'umma kawai kake so, da mun ce ƙungiyar ma hanya ce, mutane da yawa sun bi ta nan sun amfani jama'a. Amma ka ambaci farfesa, ka ambaci shugabancin jami'a, su kuwa tsaninsu ɗaya ne, kuma matakalarsa ta farko ga likita ita ce shaidar ƙwarewa. Kwamitin ƙarin girma na jami'a ba ya ƙirga shekarun da mutum ya yi yana rubuta wa masu ba da tallafi rahoton wata uku-uku. Digiri yake ƙirgawa, da maƙalun da aka buga, da ɗaliban da aka koyar.

Sannan ka duba irin aikin da aka yi maka tayi. Kwantiragi ne da aka ɗaura a jikin wani shiri, ran da kuɗin shirin ya ƙare aikin ya ƙare. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, ma'aikatan lafiya masu yawa a Najeriya sun wayi gari ba aiki, cikinsu har da ƙwararru. Gurbin asibitin koyarwa kuwa ba kullum ake buɗe shi ba, kuma sakamakon jarrabawar share fagen da ka ci yana da wa'adi. Wanda ya ce bari in yi shekara biyu in tara kuɗi in dawo, yawanci ba ya dawowa, domin kafin shekara biyun ya sa yaro a makaranta mai tsada, ya kama haya mai tsada, komawa kan albashin likita mai neman ƙwarewa ta zame masa abin da ba zai iya ba.

Ba mu raina maganar kuɗin ba. Ka zauna da uwargida da biro da takarda, ku rubuta abin da ke fita duk wata, haya da abinci da kuɗin makarantar ƙannenka, ku ga giɓin da zai rage. Ana cike irin wannan giɓi da duba marasa lafiya a asibiti mai zaman kansa a ƙarshen mako, ko da aikin sa ido na 'yan kwanaki a zagayen rigakafi da binciken ƙungiyoyi, matuƙar shugaban sashe ya sani ya kuma amince. Akwai asusun da dokar horar da likitoci ta 2017 ta tanada don kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai a asibitocin tarayya, sai dai yakan makara, don haka kada ka jingina kuɗin jarrabawarka a kansa. Ka riƙa ware wani abu tun watan farko.

Karatun kansa kwalejoji biyu ne ke ba da shaidarsa: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wato NPMCN, da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, WACP. Akwai jarrabawar kashi na ɗaya, akwai ta kashi na biyu wadda ke tafe da kundin bincike, kuma in komai ya tafi daidai shekara biyar zuwa shida ne. A ciki za ka bi ta ilimin yaɗuwar cututtuka, ƙididdiga, tsaftar muhalli, lafiyar ma'aikata, lafiyar uwa da yaro, abinci mai gina jiki da tafiyar da harkar lafiya, a tura ka cibiyar karkara irin ta Kumbotso ga masu horo a Kano ko ta Yakawada ga na Zariya. A wannan tsakani ne ake haɗawa da digiri na biyu a lafiyar al'umma, wato MPH. Wannan ɓangare shimfiɗaɗɗe ne, manyanka a sashe za su nuna maka. Inda ake rabuwa tsakanin wanda zai zama mai bincike da wanda zai tara takardu kawai shi ne wurin zaɓen abin da za a bincika, kuma nan za mu daɗe.

Cutar da ta fi kama matasan masu bincikenmu ita ce tsalle-tsalle. Bana maƙala kan sanin cutar ƙanjamau a tsakanin direbobi, baɗi kan wanke hannu a makarantun firamare, baɗin baɗaɗa kan hawan jini a kasuwa. Duk iri ɗaya ne, an tambayi mutane me suka sani, me suke ji, me suke yi, an buga, an wuce. Mutum zai iya tara irin waɗannan guda arba'in ya zama farfesa, amma ran da ake neman wanda ya san mashaƙo ko mutuwar mata wurin haihuwa ba wanda zai tuna da sunansa. Ka zaɓi matsala ɗaya da ke kashe mutanen da ka sani, ka riƙe ta shekara goma. Kundin kashi na biyu ya zama tubalin farko, PhD ya ɗora a kansa, tallafin da za ka nema ya ɗora a kan PhD. Matsalolin ba su da wuyar samu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, yara 132 cikin 1,000 kuma ba sa kaiwa shekara biyar, kuma arewa maso yamma da arewa maso gabas ne suka fi ɗaukar nauyin mutuwar yaran.

Ƙasar nan ta ga bincike na gaske, ya kamata ka san shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi aiki kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda take Jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, an raba wa jama'a ƙwayoyi, an yi ta ɗibar jini ana ƙirga sauro shekara da shekaru. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba: cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Suka rubuta shi yadda yake, shi ya sa har yau masu lissafin yaɗuwar cutar suke komawa kan alƙaluman Garki. A Zariya kuma, a ƙarshen shekarun 1970, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa sama da 22,000 a asibitin ABU, suka nuna cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai naƙuda ta ɓaci ake kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Dukkan ayyukan biyu ba su da wata dabara da ta wuce ƙirga abu daidai, na tsawon lokaci, da faɗin gaskiyar abin da aka samu.

Ƙirga abu daidai ɗin ne ke da wuya. Ɗauki adadin mutanen da za a tambaya. Kowane ɗalibi ya haddace lissafin da ke ba da 384, wato in ka ɗauka rabin jama'a suna da abin da kake nema, ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, kana son tabbacin kashi 95. Abin da ake mantawa shi ne wannan adadi na wanda ke da sunayen kowa da kowa ne, yana zaro su ɗaya-ɗaya da ƙuri'a. Kai kuwa unguwanni za ka zaɓa, sannan gidaje a cikinsu, kuma mutanen unguwa ɗaya kama suke da juna: rijiyarsu ɗaya, asibitin sha-ka-tafinsu ɗaya, limaminsu ɗaya. Don haka akan ninka adadin, sau da yawa sau biyu, ya zama 768, a ƙara na waɗanda za su ƙi amsawa ko ba a same su a gida ba, in kashi 10 ne ya tashi kusan 850. Kuma wannan lissafi na auna yawan abu ɗaya ne. In rukuni biyu za ka gwama, wani lissafin ne daban, kuma ka je wurin masanin ƙididdiga tun kafin ka tattara komai. Wanda ya je bayan ya gama, ya zo ba a lokacin da za a iya taimakonsa ba.

Takardar tambayoyin ka fassara ta zuwa Hausa, wani da bai ga ta Ingilishin ba ya mayar da ita, ku gwada ku ga inda ma'ana ta zame. Sannan ka gwada ta a gidaje ashirin ko talatin a wani ƙauye da ba ya cikin binciken. A nan za ka gane cewa in ka tambayi uwa ko yaronta ya taɓa yin shawara, wata idon da ya yi rawaya take nufi, wata kuma zazzaɓi mai nacin da ya ƙi jin magani. In ka tambaye ta ko an yi masa rigakafi za ta ce an yi, tana nufin ɗigon shan inna da ake bi gida-gida. Sai ka nemi kati, in babu ka tambaya ko an yi masa allurar rigakafin jarirai ta cinya kuma sau nawa, domin sau uku ake yin ta, a mako 6 da 10 da 14, ka duba tabon allurar tarin fuka a dantsen hagu, ka tambayi ta ƙyanda ta wata tara daban. Shekarun yaro ba a samun su da tambayar shekararsa nawa, sai da kalandar abubuwan da garin ya sani: kafin babbar Sallah ko bayanta, da damina ko da kaka, shekarar ambaliya ko shekarar da aka naɗa dagaci. Mafi muhimmanci ga mai binciken mutuwar jarirai, uwa takan tsallake ɗan fari saboda kunya, takan kuma bar jaririn da ya koma kafin suna, ba ta sa shi a lissafin 'ya'yanta. In mai tambayar ba ta san ta bi a hankali ta ce ko akwai wanda Allah ya karɓi abinsa kafin kwana bakwai ba, alƙalumanka za su nuna mutuwar jarirai ba ta da yawa, alhali ba a tambaya ba ne.

Mun ce mai tambayar, mace, da gangan. Gidajen da aka rubuta ba shiga a ƙofarsu namiji ba zai wuce zaure ba, abin da zai samo shi ne amsar maigida kan abin da matar ce ta sani. Ka ɗauki mata 'yan yankin, ka horar da su kwana uku ko huɗu har da gwaji a fili. Kafin su taka ƙauyen, takarda ta riga ta bi ta ma'aikatar lafiya da ƙaramar hukuma, kai da kanka ka je ka gaida hakimi, ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da masu unguwa. Kada ka sa aikin fili a tsakiyar damina lokacin da kowa ke gona kuma hanya ta yanke, ko ranar kasuwar garin, ko cikin azumi in akwai ɗibar jini.

Sai kuma abin da ba a son faɗa: ma'aikacin da ya gaji yakan zauna a gindin bishiya ya cike takardu goma da ka. Maganinsa a yi amfani da waya da manhaja irin KoboToolbox ko ODK, wadda ke ɗaukar lokaci da wurin da aka yi kowace hira. Duk dare ka buɗe abin da ya shigo. Hirar da ya kamata ta ci rabin awa aka gama a minti shida, ko gidaje takwas da suka fito daga wuri ɗaya, ko nauyin yaran da duk ya ƙare da sifiri ko biyar, alamu ne. Ka koma gida ɗaya cikin goma ka maimaita tambaya uku ko huɗu. In ka bari sai an gama aikin kafin ka duba, kuɗin ya tafi kuma ba gyara.

Kafin tambaya ta farko, takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta kasance a hannunka, na asibitinka ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, waɗanda ke ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC. Ba a ba da ita bayan an gama aiki, kuma mujallar kirki ba za ta karɓi maƙala ba tare da ita ba. Kada ka ɗauke ta a matsayin cika sharaɗi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan lamari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Duk mai shiga ƙauye da takarda a arewa yana shiga ne da wannan tarihi a bayansa. Ka yi bayani da Hausa, wadda ba ta karatu ta dangwala yatsa a gaban shaida, izinin miji kuma ba ya maye gurbin yardar matar kanta. In ka tarar da yaro mai tamowa ko mai ciki da jininta ya hau, ka tura su asibiti a ranar. Da ka gama, ka koma ka gaya wa mutanen garin abin da ka samu.

Nazarin alƙaluma ka koye shi da hannunka. Cikin manhajojin nazarin, Epi Info da R kyauta ne, Stata da SPSS na kuɗi. Likitan da ke ba wani ya yi masa nazari ba zai iya kare aikinsa a gaban masu jarrabawa ba, kuma in ya shiga haɗin gwiwa da jami'o'in waje zai ƙare a mai tattaro musu bayanai, su yi nazari, su rubuta, a sa sunansa a tsakiyar jeri. Duk haɗin gwiwar da za ka shiga, a rubuta tun farko wa ke riƙe da bayanan, wa zai yi nazari, sunan wa zai zo farko a wace maƙala. Haka ma tsakaninka da abokan sashe. Al'adar sa ni in sa ka tana kumbura jerin maƙalu, amma ranar da aka gano kuskure ko satar rubutu a wadda ba ka ma karanta ba, sunanka na kai. Ka kiyayi mujallun da ke aiko saƙo suna yabonka, su karɓi maƙala cikin kwana uku in ka biya dala. Kafin ka aika, ka duba ko mujallar na cikin rumbunan jera mujallun bincike irin PubMed, Scopus, DOAJ ko AJOL. Mujallar kirki takan ɗauki watanni, takan dawo da aiki da gyara shafi uku, takan ma ƙi shi. Ka gyara ka aika wata. Da yawa daga cikin manyan mujallu suna yafe kuɗin bugu ko su rage in ka nema tun lokacin aikawa.

Tallafin bincike daga ƙarami ake farawa. Da ka shiga jami'a akwai na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ƙaramin da ake nema ta hannun jami'a da babban na ƙasa da ake gasa a kansa. Daga nan ake hangen gidauniyar Wellcome ta Birtaniya, cibiyar Fogarty ta Amurka, EDCTP ta Turai da Afirka, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya. Masu ba da babban kuɗi suna duba yadda ka yi da ƙarami. Ka ajiye rasiɗin kowane kwabo, ka ba da rahoto a kan lokaci, kada kuɗin bincike ya taɓa shiga asusunka na gida ko da aro ne na kwana biyu.

Batun PhD: ka yi shi. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, da ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN kan ko shaidar ƙwarewa ta wadatar wa malamin asibiti, kuma rigimar takan fi tashi ne daidai lokacin da wata jami'a ta fitar da tallar kujerar shugaba ta sa PhD a sharaɗi. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, kai ba ka so makomarka ta rataya a kan yadda za a rubuta talla nan da shekara ashirin. Ban da haka, a fanninka PhD ba ado ba ne, a nan ake koyon tsara bincike mai zurfi, kuma masu ba da tallafi na waje shi suka sani. Lokacinsa shi ne shekaru biyu ko uku na farko bayan ka gama ƙwarewa ka shiga koyarwa, kafin a fara ɗora maka muƙamai. Ka zaɓi malamin da zai duba aikinka kafin ka zaɓi jami'a: ka karanta abin da ya buga a shekaru biyar da suka wuce, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa wata nawa babi ke yi a teburinsa. A gida akwai wurare irin cibiyar binciken lafiyar al'umma ta ACEPHAP da ke Jami'ar Bayero. In waje ka samu, ka nemi tsarin da za ka tattara bayananka a nan, don aikin ya ci gaba bayan ka dawo. In kuma wata rana ka ga zuciyarka ta fi karkata ga bin sawun annoba a ma'aikatar lafiya ko a hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, shirin horar da masu bin sawun annoba na shekara biyu, NFELTP, wanda aka fara a 2008 tare da ABU da Jami'ar Ibadan, shi ne ƙofar.

Yanzu mu yi lissafin tsanin. Mai shaidar ƙwarewa akan ɗauke shi a matakin lakcara na ɗaya, asibitin koyarwa kuma ya ba shi matsayin babban likita. Daga nan babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa, kowane mataki aƙalla shekara uku, biyun ƙarshe kuma sai an aika ayyukanka ga masana na wasu jami'o'i sun tantance. Kana da 31. Ka gama ƙwarewa a 37, in ba a samu tsaiko ba ka zama farfesa a 46. Tsaiko kuwa ana samu, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, masu tantancewa ma sukan riƙe takardu fiye da shekara. Tallar kujerar shugaba takan nemi wanda ya daɗe a farfesa, wasu jami'o'in shekara goma suke sawa. Ka ga maganar ta kai ka kusa da sittin. A jami'o'in tarayya wa'adin shekara biyar ne sau ɗaya, majalisar gudanarwa ce ke naɗawa daga cikin mutum uku da kwamitin haɗin gwiwarta da majalisar malamai ya fitar, kuma farfesoshi ɗaruruwa ne ke kallon kujera ɗaya. Ba muna kashe maka gwiwa ba ne. Muna so ka ga cewa ba abin da za ka tsara rayuwarka a kansa ba ne yanzu, kuma mun ga yadda hangensa tun da wuri ke lalata malamai: mutum ya bar bincike ya koma shiga ɓangare, yana ƙirga wa zai zaɓe shi shugaban tsangaya.

Abin da ke hannunka shi ne irin ƙananan muƙaman da za ka karɓa. Kafin ka zama babban lakcara, ɗaya ya ishe ka a lokaci guda. Jami'in jarrabawa na sashe, ko mai kula da ɗaliban digiri na biyu, ko sakataren kwamitin ɗa'ar bincike, waɗannan suna koyar da aiki. Kwamitin liyafa da na tarbar baƙi lokaci kawai suke ci. Shugabancin sashe shi ne makarantar gaske, musamman in ya faɗo a shekarar da NUC ko majalisar likitoci ta MDCN za su zo tantancewa, domin a nan za ka san yawan malaman da ake bukata ga yawan ɗalibai, da abin da ke faruwa in makaranta ta ɗibi fiye da adadin da aka yarje mata. Za ka kuma ɗanɗana zama tsakanin iyayen gida biyu, jami'a na ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, asibitin koyarwa na ƙarƙashin ta lafiya, kowanne da shugabansa da kasafinsa. Likitoci sukan isa shugabanci ba su iya karanta kasafin kuɗi ba, ba su san dokar ba da kwangila ta 2007 ba, sai su sa hannu a abin da ma'aji ko wani ɗan kwangila ya miƙo musu. Ka koyi waɗannan tun kana ƙasa, ka koyi rubuta bayanin taro da amsa tambayar masu binciken kuɗi. Alfarma kuma tun a kujerar jami'in jarrabawa take fara gwada mutum, ran da wani babba zai kira ka kan makin ɗansa. Amsar da ka ba shi ranar za ta bi ka, domin jami'a ƙaramin gari ce.

Hanyar an bi ta kafin kai. Farfesa Ishaya Audu likitan yara ne, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, daga 1966 zuwa 1975. Farfesa Jibril Aminu likitan zuciya ne, ya riƙe Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985. Wanda ya fi kusa da kai shi ne marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a Oktoban 2023: mutumin Maiduguri, farfesan lafiyar al'umma a Zariya, aka ba shi shugabancin Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1978, shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa.

Saura Baba, kuma kada ka yi masa gardama. Abin da yake tsoro shi ne wahalarsa ta tashi a banza, ɗansa ya daina zama likitan da dangi za su kawo wa marar lafiya. Ka nuna masa ba haka ba ne: lasisinka na MDCN yana nan kana sabunta shi duk shekara, kuma a cibiyar karkara za ka riƙa duba marasa lafiya da masu awo. In hira ta yi daɗi, ba shi labarin Zamfara. A 2010 yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya yi. Da aka ƙirga yawan mace-macen aka gwada jini, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu. Maganin fitar da gubar ba ya wadatarwa in yaro zai koma kan ƙasar da ta ba shi ita, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Likitan da ke zaune a ofis yana jiran a kawo masa yaro ɗaya-ɗaya ba zai gano wannan ba.

Kada ka yi wannan magana a waya. Ka je gida ranar da ba ka gaggawa, ka tafi da takardar gurbin, in akwai baffa ko aminin Baba da yake jin maganarsa ka fara bi ta kansa. Ka nemi ya sa maka albarka kafin ka sa hannu a takardar, ka kuma gaya masa ranakun da za ka riƙa zama a asibiti, don duk wanda zai turo daga gida ya san ranar da zai same ka.